Yalwa Mai Wankau a Alƙahira

Jirgin ƙasan da ya taso daga Aswan ya shiga babbar tashar Alƙahira da hantsi, a watan Oktoba na shekarar 1971. Ya zazzage mutanensa, kowa ya kama gabansa, aka bar Yalwa ita kaɗai zaune a kan akwatinta na ƙarfe a gindin wani ginshiƙi. An ce mata ɗan baffanta Maliki zai zo ya tarye ta, don haka ba ta yarda ta gusa ko nan da can ba, kada ya zo ya rasa ta. Hantsi ya wuce, azahar ta yi ta wuce, ƙishirwa ta bushe mata maƙogwaro, busasshiyar kisrar da ta rage mata, wainar dawan nan ta Sudan, ta ƙi haɗiyuwa. Can wani mutum mai shuɗiyar riga ya zo da fara'a ya ce shi ɗan dako ne, zai kai mata kaya bakin ƙofa inda masu tarye suke tsayawa. Ya ɗauki ƙunshin da bargonta yake ciki, da garin kuɓewa da 'yar tabarmar sallar da kakarta ta saƙa mata, ya ce ta biyo shi da akwatin. Kafin ta ɗora akwatin a ka ya nutse cikin jama'a. Ba ta yi ihu ba, don ba ta san wanda za ta yi wa ba. Ta koma gindin ginshiƙin ta zauna, ta ja gefen tob ɗinta, wato mayafin matan Sudan, ta rufe fuska, hawaye na sauka shiru... Sai da la'asar ta yi sanyi wani tsohon ma'aikacin jirgi ya lura da ita, ya duba adireshin da ke hannunta, ya saka ta a motar haya zuwa gidan kwanan ɗalibai mata. Haka birnin ya karɓe ta.

Yalwa marainiya ce daga wani ƙauyen Hausawa da ke gefen Hajj Abdalla, cikin gonakin auduga na Jazira a ƙasar Sudan. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta. Mahaifinta Mahmud ya yi ta fama da tsargiyar da ya kwaso a ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin, har ta kai shi kabari tana 'yar shekara shida. Hawasharsa, wato gonar da hukuma ta ba shi yana nomawa, ta koma hannun yayansa Alhaji Gado, ita kuma Yalwa ta koma ɗakin kakarta Iya, uwar su biyun. Alhaji Gado ba mugu ba ne, amma mutum ne mai tsauri, mai tsoron abin da za a ce. Iya ce ta tsaya kai da fata aka sa yarinyar makaranta, ita ce kuma ta hana a cire ta duk lokacin da tsinkar auduga ta zo ana neman hannu. Yalwa ta yi ta cin jarrabawa har ta gama sakandare a Madani, ta samu gurbin karatun likita a Masar tare da tallafin da ake ba ɗaliban Sudan. Alhaji Gado ya amince ne don dalili guda: babban ɗansa Maliki yana can shekara uku ke nan, shi ma likita yake karantawa, da kuɗin audugar ubansa, kuma zai sa mata ido.

Makonnin farko sun yi mata nauyi ƙwarai. Ita da ta tashi inda ake hango ƙarshen duniya daga bakin gona, yanzu sai ta ɗaga kai sama sosai kafin ta ga sararin samaniya tsakanin benaye. Ba ta iya ƙetare titi ba. Takan tsaya ta jira wata tsohuwa ta zo, ta manne a bayanta su ƙetare tare. Taram, motar ƙarfen nan mai bin dogo a tsakiyar titi, ta sha wuce da ita unguwannin da ba ta sani ba, ta dawo a ƙasa ƙafafu sun kumbura. Larabcin da take ji tun tana goye ya zama kamar baƙon harshe a bakin Misirawa, suna yi da sauri suna haɗiye rabinsa, idan ta amsa da nata na Jazira sai 'yan ɗakinsu su tuntsire da dariya su ce ta sake faɗa. Wasu don wasa suke yi, wasu kuwa har hannunta suke kamawa su murza su ga ko baƙin zai fita. Wake da burodi da safe, wake da burodi da dare, har ta fara mafarkin tuwon dawa. Da hunturu ya shigo ta gane abin da ɓarawon tasha ya raba ta da shi: takan kwana da duk tufafinta a jiki, ta lulluɓa da tob biyu, haƙora na kaɗawa. Duk da haka ba ta taɓa makara a aji ba, kuma a hankali ta koyi sunayen tashoshi, ta gane wane mai shago ne ba ya cutar baƙo.

Maliki bai leƙo ta ba sai da ta yi kusan wata. Ya zo cikin kwat, gashi ya sha mai, yana Larabcin Masar kamar a nan aka yanke masa cibi. Ya ce aikin asibiti ne ya riƙe shi ranar da ta iso. Da ta gaishe shi da Hausa, ta ce Iya na gaisuwa, sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya gargaɗe ta kada ta sake yi masa wannan yaren a gaban mutane, a nan babu wanda ya san shi da shi. Ya kuma ce kada ta neme shi a makaranta, manyan ɗalibai ba sa son ƙananan su riƙa bin su. Yalwa ta ce to.

Ba ta neme shi ba, amma makarantarsu ɗaya, kuma ɗaliban Sudan ba su da yawan da wani zai ɓace a cikinsu. Wata rana tana tambayar wani ɗan aji huɗu ko zai miƙa wa Yaya Maliki saƙo, sai ya dube ta da mamaki ya ce Maliki ai tun shekarar farko ya faɗi, ya maimaita ya sake faɗuwa, aka sallame shi. Yanzu a wani gidan shayi yake wuni, yana dillancin agogo da turare. Yalwa ta tuna yadda Alhaji Gado yake zama a ƙofar gida yana cewa “ɗana likita”, ta tuna shanun da aka sayar. Da Maliki ya sake zuwa ba ta iya ɓoye abin a fuskarta ba, shi ma da ganin idonta ya gane.

“Wa kika faɗa wa?” ya tambaye ta, wannan karon da Hausa.

“Ban faɗa wa kowa ba, Yaya, kuma ba ni faɗi. Amma ka ji tsoron Allah ka gaya wa Baffa da bakinka. Zai yi fushi, ya huce.”

Ya sa ta yi masa alkawari, ta yi. Ya tafi yana murmushi, har da ba ta lemo. Sai dai tun daga matakalar gidan ya fara lissafin cewa hutu na zuwa, yarinyar za ta koma ƙauye, ta zauna gaban Iya, kuma bai yarda akwai bakin da zai iya riƙe magana irin wannan ba. Ya ga hanya ɗaya ce gare shi: kada ta koma, in ma ta koma kada kowa ya yarda da abin da za ta ce.

Kafin hunturun ya fita aka kira Yalwa ofishin da ke kula da ɗaliban Sudan. Jami'in ya ce mata an kawo ƙara a kanta, kuma wanda ya kawo ɗan gidansu ne. Ya shaida cewa ita ba 'yar Mahmud ba ce, ba ta da jini a gidan. 'Yar wasu matafiya ce daga yamma da suka mutu a hanyar Makka, aka tsince ta aka raina, don haka takardarta ta zama 'yar ƙasa da shaidar zur aka same ta. Jami'in bai yi mata tsawa ba. Ya ce malesh, wato ta yi haƙuri, doka ce: za a dakatar da tallafinta da wurin kwananta har sai babban gidansu ya ba da shaida. Aji dai ba a hana ta shiga ba. Yalwa ta tsaya tana kallon bakinsa. Ita da kowa a ƙauye ke cewa goshin Mahmud ta ɗauko, ita ce yau tsintacciya! Ta buɗe baki ta faɗi dalilin da ya sa Maliki ya yi haka, sai ta tuna alkawarin, ta fasa. Ta yi godiya ta fito.

Ranar da ta bar gidan kwanan, da akwatinta a ka, ta yi ta yawo unguwa unguwa tana tambayar ɗaki mai araha ana rufe mata ƙofa. Daga ƙarshe matar wani maigadin bene, Banubiya daga kudancin Masar mai yawan faɗa da taushin zuciya, ta hau da ita can saman rufin, inda akwai wani ɗan ɗakin wanki da babu taga. Ta ce ta zauna ciki, ladan ɗakin shi ne ta riƙa wanke matakala, abinci kuma ta nema da wankau, mutanen benen kullum suna neman mai yi. Haka Yalwa ta zama mai wankin gidaje takwas. Takan idar da sallar asuba ta sunkuya a kan baho, ta shanya, ta ruga makaranta, ta dawo ta kwashe ta yi guga. Sabulu ya cinye mata hannu har fatar ta tsattsage, idan ta riƙe alƙalami jini kan ɓata takarda. Ta aika wa Baffa saƙo ta hannun ɗalibai masu komawa gida, tana roƙon ya shaida cewa ita 'yar ƙanensa ce, ba ta ambaci sunan Maliki ba. Shiru.

Dalilin shirun shi ne Maliki ya riga saƙon isa. Da hutu ya zo ya koma ƙauye da tsaraba, aka yanka masa rago. Bayan an watse ya zauna gaban ubansa ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin magana, ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa amma Yalwa ta fi ƙarfinsa. Ta yar da tob, tana bin gidajen rawa da maza, har an kore ta daga gidan kwanan ɗalibai, yanzu a saman wani bene take zaune ita kaɗai, kowa ya san abin da ake yi a irin wuraren nan. Ya ce kunya ce ta hana ta zuwa hutu. Ya ƙara da cewa kada a yi mamaki idan ta aiko da ƙarya a kansa, don ta yi rantsuwa sai ta ɓata shi saboda ya yi mata faɗa. Alhaji Gado ya ce daga yau kada a sake ambatar sunanta a gidansa. Ɗaliban da suka zo da saƙonta ko zaure bai bari sun shiga ba.

Maganar ta bi ƙauyen kamar ruwan da aka buɗe wa tur'a. Mata suka riƙa shigowa ɗakin Iya suna yi mata jaje kamar an yi mutuwa. Iyayen da suka sa 'ya'yansu mata makaranta saboda ganin Yalwa suka fara cire su ɗaya bayan ɗaya, suna cewa sun ga ƙarshen abin. Iya ba ta yi musu da kowa ba. Idonta ya fara mutuwa a lokacin, takan zauna kawai tana jan carbi, idan an gama jajen ta ce Allah ya ba da lada.

A can Alƙahira hunturu na biyu ya samu Yalwa da hannu kullum cikin ruwan sanyi. Abu ɗaya ne ya sassauta mata. Wata rana a cikin taram wani ya taka mata ƙafa, ta ce “Wash, ƙafata” ba ta ma san ta faɗa ba, sai wata budurwa da ke gabanta ta juyo da sauri ta ce, “Sannu, 'yar'uwa.” Sunanta Hannatu, 'yar wani malami ce daga Katsina da ya zo ƙaro ilimi da iyalinsa, tana koyon aikin jinya a asibitin da ke jikin makarantar su Yalwa. Suka wuce tashar da za su sauka suna magana, Hannatu na dariyar Hausar Yalwa mai gauraye da Larabci, Yalwa na share hawaye, don rabonta da jin wani ya ce mata sannu da harshen Iya har ta manta. Da sanyi ya kama mata ƙirji ta kwanta tana tari kamar ranta zai fita, Hannatu ce ta riƙa hawa benen da magani da kunu, matar maigadi kuma ta karɓi wankin har ta tashi. A kwance ta yi bitar jarrabawar shekarar, kuma ta ci. Hannatu ce kaɗai ta san dukan labarin, ita ma a cikin zafin zazzaɓi ya kuɓuce wa Yalwa. Da Hannatu ta ce wannan alkawari ba alkawari ba ne, a tona shi kawai, sai Yalwa ta ce Baffa ne ya ciyar da ita tun tana 'yar shida, ba ta so a ce ita ta karya masa zuciya. Allah na gani, shi zai yi mata magana. Kullum ta idar da salla takan daɗe a zaune tana cewa, “Ya Allah, kada ka ɗauki Iya tana zaton na lalace...”

Iya kuwa ba ta taɓa zaton haka ba. Ta jira ne ɗanta ya huce ya yi tunani, da ta ga watanni sun shuɗe bai yi ba, sai wata safiya ta sa aka fitar mata da gadonta daga gidan aka kai ɗakin wata maƙwabciya. Akushin da aka biyo ta da shi ta mayar. Alhaji Gado ya zo ya durƙusa yana tambayar laifin da ya yi.

“Ɗiyar ƙanenka ce, Gado,” in ji ta. “An ce maka ta mutu a tsaye, ka amsa daga zaune. Ko akuya aka ce ta faɗa rijiya, ai kana tashi ka leƙa. Ban ƙara cin tuwon gidanga sai ka tafi ka gani da idonka. In gaskiya ne, ka dawo ka faɗa mini, in yi kukana in gama.”

Ya yi lallashi, ya turo limami, Iya ba ta motsa ba. Uwar Alhaji Gado tana cin abincin maƙwabta! Wannan ya fi masa ciwo fiye da komai. Da aka gama tsinkar auduga ya shirya, da niyyar ya kamo yarinyar ya dawo da ita ya kulle. Bai sanar da Maliki ba, don yana so ya same shi cikin farar rigar likitoci ya ji sanyi a ransa, ko da abu ɗaya.

Ya isa ƙofar makarantar da rana tsaka, da jallabiyarsa da rawani, yana tare duk wanda ya ga alamar ɗan Sudan ne yana tambayar Maliki Gado, wanda ya kusa fita likita. Wasu suka ce ba su san shi ba. Ɗaya ya sunkuyar da kai ya ce ya tambaya a gidan shayin da ke bayan kasuwa. Alhaji Gado ya jingina da bango yana magana shi kaɗai, yana cewa ina yaron ga ya shiga. Hannatu ta fito daga asibiti ke nan, ta ji Hausa irin ta Yalwa sak a bakin dattijo. Ta tsaya ta dube shi, ta ga goshi irin na Yalwa. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ce ko shi ne Baffa Gado. Ta ce ba ta san inda ɗansa yake ba, amma ta san inda 'yarsa take, in zai iya hawa bene.

Ya hau yana haki yana tsayawa, fuska a murtuke, ya shirya abin da zai faɗa. Da suka fito saman rufin sai ya tarar da igiyoyi cike da shanya, zannuwan gado da rigunan yara, a tsakiyarsu wata ramammiyar mace sunkuye a kan baho, tob ɗinta ya koɗe, ta jingina wani ƙaton littafi da bango ta danne shi da dutse, tana cuɗa wanki tana karantawa tana tari. Sai da ta ɗago ya gane ta. Yalwa ta saki rigar da ke hannunta, ta zube a kan jiƙaƙƙen siminti ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar Iya. Ya dubi hannuwanta. Ya leƙa ɗakin: tabarma, akwati, littattafai, buta. Matar maigadi da ta biyo su ta fara zuba ba a tambaye ta ba, ta ce shekara guda yarinyar nan tana sama, namijin da ya taɓa hawowa wurinta shi ne wannan dattijon da ke tsaye, kuma in shi ne ubanta to ya ji kunya.

“Mi ya fitar da ke daga gidan ɗalibai?” ya tambaya a hankali.

Yalwa ta tuna alkawarinta, ta sunkuyar da kai. Hannatu ta ce ita ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ta faɗa masa komai: faɗuwar Maliki, gidan shayi, da ƙarar da ya kai ofis cewa Yalwa tsintacciya ce, ba 'yar Mahmud ba.

Alhaji Gado ya ce ta maimaita na ƙarshen. Ta maimaita. Sai ya zauna daɓas cikin ruwan wanki, rawaninsa ya warware bai kula ba. Shi ne ya yi wa yarinyar nan huɗuba ranar da aka haife ta, don Mahmud na wurin gawar matarsa ya kasa. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza.

“Mahmud... mi zan ce maka? Ka bar mini amana, na bar ta tana wanke ƙazantar mutane...”

Yalwa ta matso tana kuka tana cewa ya daina, Baffa, ai ga shi ya zo, ya isa.

A ranar ya samu Maliki a gidan shayin, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana wasan dara da abokai. Bai ɗaga masa hannu ba. Ya tsaya a kansa ya kira shi da sunan da ake kiransa a ƙauye, ya yi masa magana da Hausa da ƙarfi yadda duk wurin aka yi tsit, ya ce ya tashi ya wuce gaba. Washegari ya tasa shi zuwa ofishin, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse cewa Yalwa 'yar ƙanensa ce uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗakin uwarsa aka haife ta, kuma kakanta ya zauna a Jazira tun kafin a haƙa tur'a. Aka mayar mata da tallafinta da gadonta a gidan ɗalibai. Da aka juya kan mai ƙarar sai aka ga izininsa na zama a ƙasar na ɗalibi ne, kuma ya daɗe da mutuwa, ga shaidar zur a kai. Aka ba shi 'yan kwanaki ya bar Masar. Uban da ɗan suka koma tare har Hajj Abdalla.

Ranar Juma'a bayan an sallame, Alhaji Gado ya hana jama'a watsewa. Ya tsayar da Maliki a ƙofar masallaci, ya sa shi ya warware ƙaryarsa da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga likitancin har zuwa gidajen rawa. Sannan shi ma ya ce a shaida ya zalunci marainiya da saurin yarda, kuma hawashar Mahmud ta koma sunan 'yarsa daga ranar. Gidan da suka yi wa Maliki alkawarin aure suka janye. Ya kasa haɗa ido da kowa a ƙauyen, ya riƙa bin motocin 'yan ƙwadago zuwa gonakin Abu Na'ama yana yankan dawa da riɗi, sai da rani yake dawowa. Da yammacin wannan Juma'ar Iya ta sa aka mayar da gadonta, ta ce a kawo mata tuwo. Kafin shekara ta zagayo 'yan matan da aka cire suka koma makaranta.

Yalwa ta gama a 1978, aka tura ta asibitin Damazin. Kafin ta kama aiki ta biyo ta gida. Iya a lokacin ta makance gaba ɗaya, ta tsufa har ana ɗaga ta, amma ta ce a zaunar da ita a ƙofar ɗakin da jikarta ta sauka, ta gitta sandarta a bakin ƙofar. Matan da suka taɓa zuwa jaje suka yi layi da kwanonin abinci, wasu da yara marasa lafiya a baya. Duk wadda ta iso sai Iya ta tambaye ta wurin wa ta zo. In ta ce wurin Yalwa, sandar ba ta motsi. Sai ta ce wurin Likita Yalwa 'yar Mahmud, sannan tsohuwar ta ɗage mata ta shiga.

Can da layin ya ƙare wani mutum ya matso, fuska ta ƙone da rana, ya durƙusa nesa kaɗan. Iya ta ji numfashinsa ta gane shi. Ta yi masa tambayar da ta yi wa kowa. Maliki ya amsa ƙasa-ƙasa.

“Kunnena ya yi nauyi,” in ji Iya. “Ɗiyar wa ka ce?”

“Ɗiyar Mahmud, Iya. Ɗiyar baffana Mahmud.”

Hawaye suka bi tamojin fuskar Iya. Daga cikin ɗaki Yalwa ta ce, “Bar shi ya shigo, Iya.” Tsohuwar ta ɗage sandar.